Sumar Baban Selvi

Mijina Lourdusamy yana da abu ɗaya da ya fi ni daraja a wurinsa, kuma a kansa yake ɗauke da shi. Suma ce, cikakkiya, baƙa wuluk, yana kwantar da ita baya da man kwakwa irin na 'yan fim ɗin zamanin samartakarsa. Baƙin dai na kwalba ne, ni ce shaida, don ni ke wanke tawul ɗin. Duk shekarun da ya yi yana kwandasta a motocin gwamnati a Tiruchi, sanƙo ya yi ta cinye abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya yi ritaya ko sili bai rasa ba. In ana hirar abin da mutum ya tara a duniya, wani ya ce gida, wani ya ce 'ya'ya, shi sai ya shafa kai.

To wannan sumar ce na ba Uwar Lafiya ta Velankanni, Uwa mai tsarki da mu Kiristoci ke zuwa ziyarar majami'arta a bakin teku. Bara ne, ranar da aka shiga da shi tiyata za a yanke masa ƙari a hanji. Ina zaune a barandar asibiti da carbi a hannu, na rasa inda zan sa kaina, sai na yi abin da uwata ta yi a kan ƙanena, kakata ta yi a kan ubana. Na yi bakance. Na ce, Uwa, ki tashe shi, ni kuma zan kawo miki shi har gida a aske kan nan tal. A wurinmu ba sai an tambayi mai kan ba. Wanda ke kwance ba shi da bakin magana, na tsaye ne ke yi masa alkawari.

Ya tashi kuwa. Likita ya ce an kwashe komai. Na bari sai da ya fara cin shinkafa sannan na gaya masa. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ke da naki har gadon baya, Pushpam, sai nawa kika gani?"

"Ai ba nawa ne ya kwanta asibiti ba, Baban Selvi."

Daga nan aka shiga kwana-kwana. Da fari bikin Selvi ne, wai ba zai shiga hoton auren 'yarsa da kai kamar ƙwan kaza ba. Na ce gaskiya ne. Sai damina, wai sanyi zai kama shi. Sai rani, wai rana za ta dafa masa ƙwaƙwalwa. Ni kuwa tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Ba a wasa da bakance. Ko tari ya yi sai gabana ya faɗi, in ce ga shi nan ta fara tuna mana. Da ya je asibiti dubawa a watan nan, ni ina gidan Selvi da ke fama da laulayi, ya dawo ya ce likita ya ce lafiya lau, sai na ce to yanzu kam uzuri ya ƙare. Cocinmu ya shirya mota zuwa Velankanni, har da jagora mai bayani, na kama mana kujera biyu ban shawarce shi ba.

Abin mamaki bai yi gardama ba. Cewa ya yi, "Zan je in gaishe ta. Aski kuwa ban ce ba."

Na ɗauki wannan a matsayin rabin nasara. Kuskurena ɗaya, na gaya wa Jebamalai, maƙwabciyarmu, wadda ko asiri ka sa mata a tulu ka toshe sai ya yi yoyo. Kafin mu wuce Thanjavur duk motar ta sani. Ana raba idli, wainar shinkafarmu, a ganyen ayaba, mata na ta leƙen kan mijina suna yi masa kallon ban kwana.

"Kawu Lourdu," in ji Jebamalai daga kujerar baya, "ka bari mu ɗauki hoto da ita mana, tun tana raye."

Ya yi murmushi kawai ya juya wajen taga.

Jagoran namu sunansa Dhanraj. Gajere ne, da lema ruwan ɗorawa, da usur a wuya, da 'yar lasifika, kansa kuwa fes kamar an lashe, ba kuma don ibada ba. Ni tun ina goye ake kawo ni Velankanni, ban taɓa sanin ana bukatar wani ya nuna wa mutum Uwarsa ba, amma tun da kuɗinsa na cikin kuɗin mota, sai mu saurara. Muna sauka ya tara mu ƙarƙashin lemarsa ya karanta mana yadda ranar za ta kasance. Babbar majami'a, sai tafki, sai ɗakin kyaututtuka, sannan abinci. Mota za ta tashi da la'asar, ba ta jiran kowa.

"Masu bakancen aski kuma," ya ce, "idan lokaci ya rage."

Na ga kunnen mijina ya motsa. Shekara talatin da wani abu ina zaune da mutumin nan, na san lokacin da dabara ta faɗo masa.

Muka tuɓe takalma muka shiga. Jama'a maƙil kamar kullum, namu da Hindu da Musulmi, kowa da kyandir ɗinsa da furensa, ana ta ture juna cikin ladabi. Ga siffar Uwar can sama da bagade, an ɗaura mata zanen sari mai ruwan zinariya, Ɗanta a hannunta. Na durƙusa na ce mata, kin gani dai, na kawo shi, saura ki taya ni. Da muka fito ta ƙofar gefe Dhanraj ya kunna lasifika ya fara labarin matuƙan Fotugal da guguwa ta kusa cinyewa a teku, suka roƙe ta, ta fisshe su, suka gina mata ɗaki. Ba wanda ke ji. Mata na cinikin awarwaro da ido, maza na neman inda ake shayi. Yana shirin hura usur mu wuce, sai na ji murya a bayana.

"Malam Dhanraj, jirgin nasu da wane irin katako aka yi shi?"

Na waiga. Mijina ne. Mutumin da Fadan cocinmu bai taɓa kai rabin wa'azi yana farke ba.

Dhanraj ya tsaya kamar an ba shi kyauta. "Yallaɓai, tambaya mai kyau! Wallahi tun da na fara aikin nan ba a taɓa tambayata komai ba sai ina banɗaki."

Ya shiga bayanin katako. Daga katako aka koma farantan tangaran da matuƙan suka manna a bagade, daga ina suka sayo su, me aka zana a kai. Mijina ya karkace kai, ya harɗe hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar ɗalibin da zai zama Fada. Duk lokacin da Dhanraj ya kusa numfasawa sai ya jefa masa wata. Su matuƙan sun koma gida kuwa? Matansu sun sami labari? Na matsa na mintsine shi a kuiɓi.

"Baban Selvi, na ga abin da kake yi."

"Ilimi nake nema, Pushpam. Ba ke kika biya kuɗin jagora ba?"

Hanyar tafki kowa ya san ta, doguwar shimfiɗar rairayi a tsakiya, masu bakance na tafiya a kai da gwiwa, mu sauran muna bin gefe da ƙafa. Rana ta riga ta take. Dhanraj na gaba da lema yana ba da labarin yaron nan mai tallar madara da Uwar ta bayyana gare shi a bakin ruwan, ni ina lissafin cewa in muka yi sauri za mu ci lokacin da katako ya cinye. Sai na ji Jebamalai ta ce, "La! Yaya Pushpam, dubi naki."

Ya naɗe zanensa zuwa cinya, ya sauka cikin rairayin, ya durƙusa. Ya fara jan gwiwa.

Raina ya ɓaci har na ji ɗacinsa a baki. Mutumin nan ko tsugunawa ya ɗauki silifa ba ya yi sai ya kira ni, yau shi ne zai ja gwiwa a rairayi mai zafi don kawai agogo ya tafi. Kuma ba dama in yi magana. Wace mace ce za ta tsaya a gaban jama'a ta ce wa mijinta tashi, ka daina ibada? Dhanraj har da kashe lasifika don girmamawa, ya sa duk ayarin ya rage tafiya. Muka dinga binsa a hankali kamar masu raka amarya. Gumi na bin wuyansa, rinin ya fara sauka bayan kunne, bakinsa na motsi, idonsa a ƙasa. Na ce a raina, kai, har da motsa baki, lallai mutumin nan ya yi asarar sana'a da bai shiga fim ba.

"Wayo ke nan," in ji Jebamalai, yadda kowa zai ji. "Ya ba ta gwiwa don ya tsira da kai."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ban yi ba.

Bai kai ƙarshe ba, wajen rabi ƙarfinsa ya ƙare, maza biyu suka ɗaga shi. Gwiwoyin sun yi ja, ɗaya ta sale. Na ba shi ruwa ban dube shi ba. Dhanraj ya duba agogo ya ce tafkin sai dai mu leƙa mu juyo, kuma ɗakin kyaututtuka a tsaitsaye.

Ɗakin kyaututtuka shi ne inda ake jera abin da mutane suka kawo bayan an biya musu bukata. Ƙafafun azurfa, idanu, zukata, ƙananan gidaje, 'yan jiragen ruwa, gadon jarirai, duk a cikin gilashi. Dhanraj na tafe yana nunawa da tsinin lema, wannan gurgu ne ya miƙe, wannan ta shekara goma ba haihuwa, wannan ya ci jarrabawar likita. Na riƙe hannun mijina gam don kada ya sami abin tambaya. Ya samu.

"Malam Dhanraj, waɗannan duk na waɗanda suka warke ne?"

"Dukansu, yallaɓai."

"To waɗanda ba su warke ba fa, ina ake ajiye nasu?"

Dhanraj ya sauke lemar. Ya shafa sanƙonsa. "Wannan, yallaɓai, ba ya cikin tsarin ziyara."

Nan haƙurina ya ƙare. Da aka fito aka ce kowa ya nufi wajen abinci, shinkafa da soyayyen kifi, na ce wa Dhanraj mu ba ma jin yunwa. Na ja mijina ta cikin masu sayar da kyandir da katantanwa har rumfar aski da ke wajen teku. Bai yi turjiya ba, ɗingishi kawai yake. Na yanki tikiti, aka haɗa mini da sabuwar reza a takarda. Ciki wanzamai ne a jere, gashi a ƙasa har idon sawu, yara na tsala ihu a cinyar iyayensu, manya na fitowa suna shafa kai suna murmushin kunya. Muka shiga layi. Na tsaya a bayansa yadda ba ta inda zai zille.

"Pushpam," ya ce, bai juyo ba, "ba zan zauna ba."

"Za ka zauna. Na gaji. Shekara guda ina kwana da fargaba saboda gashin da rabinsa na kanti ne. Ta yi nata, kai ka ƙi yin naka. So kake ciwon ya dawo?"

Ya juyo. Ya kama hannuna ya fitar da ni daga layin zuwa jikin bango, inda wata tsohuwa ke share gashi.

"Me kika ce mata a asibiti? Faɗa mini daidai."

"Na ce ta warkar da kai in kawo ka."

"To ban warke ba."

Na tsaya ina kallon bakinsa.

"Zuwan nan da na yi, sun ɗauki hoton ciki. Ya dawo, har ya taɓa hanta. Sati mai zuwa za su fara sa mini ruwan nan na maganin ciwon daji." Ya yi 'yar dariya, irin wadda yake yi in fasinja ya ba shi yagaggen kuɗi. "Kin san shi ai, mai zubar da gashi. Da kin ƙara haƙuri kaɗan, asibiti za su aske ni kyauta."

"Ka ce mini lafiya lau."

"Selvi na da ciki. Ke kuma in kin sani, fuskarki za ta gaya mata kafin bakinki. Na so mu zo nan tukuna." Ya dubi wanzaman. "Da can tsoron askin nake, gaskiya ne, ban musa ba. Yanzu kuwa in na zauna a can, na ce mata na gode da abin da ban samu ba. Na yi wa fasinja ƙarya, na yi wa sufeto, na yi miki. Ita ba zan yi mata ba. Kuma ki bar ni da shi na 'yan kwanakin nan, Pushpam. Ina son abuna."

Ban yi kuka ba, ban san dalili ba. Gwiwarsa na duba, wadda ta sale, rairayi ya manne a jinin. Duk tsawon hanyar nan ina bin sa a gefe ina zaginsa a zuci, ashe shi roƙo yake yi. Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani irin haushi da ban san wa zan ba ba. Uwar ce dai ta fi kusa, don haka ita na ba. Na ce mata a raina, haka ake yi? Kin bar ni ina ja wa mutum rai a kan alkawari, alhali ke ce ba ki gama naki ba?

Wanzami ya ɗaga hannu ya ce na gaba. Tikitin na hannuna, ya jiƙe da gumi. Na zare furen yasmin da ke kaina na miƙa wa mijina, na fara warware kitso.

"Ke, me kike yi?"

"Riƙe mini jaka."

"Pushpam, ba naki aka ce ba."

"Wancan na bayan warkewa ne, yana nan, ba ka tsira ba. Wannan sabo ne. Wannan karon ni zan fara bayarwa, in ga ta inda za ta kauce."

Na zauna a dakalin aski. Wanzamin ya jiƙa mini kai da ruwa, bai tambayi komai ba, mata nawa ya aske tun safe. Reza ta yi sanyi a tsakar kaina. Na ji nauyin gashin yana sauka a kafaɗa yana zamewa ƙasa, gashin da uwata ta yi wa wahala da man riɗi tun ina yarinya. Ban rufe ido ba. Mijina na tsaye a gabana rungume da jakar mata da fure, sumarsa na ƙyalli, hawaye na bin fuskarsa. Da aka gama shi ya karɓi kwaɓin garin itacen sandal mai sanyaya kai ya shafa mini a kai da hannunsa, a hankali, har bayan kunne.

"Kanki ashe ba daidai yake ba," ya ce. "Akwai wani tudu a nan."

"Naka ma za mu gani."

"Kada ki gaya wa kowa tukuna."

"Na ji."

Ba mu sami wankan tekun da ake yi bayan aski ba, usur ɗin Dhanraj ya riga ya fara kuka a wajen motoci. Muka taho, shi yana ɗingishi, ni iska na taɓa mini wurin da ba ta taɓa taɓawa ba. Muna hawa mota aka yi tsit, sai kuma aka fashe. Maza na tafa wa mijina, wani har da sara masa. Mata na riƙe ciki. Dhanraj ya kunna lasifika ya ce a duk shekarunsa bai taɓa haɗa irin wannan ayari ba, miji mai son ilimi da mata mai ibada, ya kamata matasa su yi koyi. Mijina ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa kamar ɗan takara, ya zauna wajen taga. Na zauna kusa da shi na ja gefen sari na rufe kai.

Jebamalai ta leƙo ta saman kujera, tana share hawayen dariya.

"Yaya Pushpam, kin tafi aski an aske ki! Ai na gaya miki ba ki iyawa da shi. Wannan mutumin, ki rubuta ki ajiye, da sumarsa za a binne shi."

Na san yadda ruwan nan yake, na gani a jikin wata ƙanwar uwata. Yana kwashe gashi tas, kuma ba ya dawowa sai an gama magani, an ɗauki lokaci mai tsawo, mutum yana nan da ransa. Na juya na dubi Jebamalai, wadda tun da muka zama maƙwabta ban taɓa jin alheri ya fito daga bakinta ba.

Na ce, "Amin, Jebamalai. Allah ya amsa bakinki."